Waswasi, tambaya, ridda da ɓatanci: ina iyakar kowanne a addini da doka?

A watan Afrilun 2025 Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke cewa sassa biyu na dokokin Jihar Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da Najeriya ta sa wa hannu. Na farko shi ne sashe na 210 na Final Kod, wato kundin laifukan da ke hawa kan kowa, wanda ya haramta cin mutuncin addini. Na biyu sashe na 382(b) na dokar laifuka ta Shari'a, wanda ya tanadi kisa ga wanda ya zagi Annabi ko Alƙur'ani. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta janye dokokinta ba.

Ba dokar Zamfara ko ta Kebbi aka kai ƙara ba, amma maganar ta iso majalisun Gusau da Birnin Kebbi da zafinta. Wasu sun ɗauka kotun ta halatta zagin addini ne. Wasu kuma, musamman ɗalibai, sun fito daga muhawarar da tunanin cewa duk wanda ya yi tambaya mai nauyi a kan Allah ko ƙaddara ya taka dokar da hukuncinta kisa ne. Ruɗanin ya samo asali daga cakuɗa abubuwa huɗu waɗanda littattafan fiƙihu da kundin doka duk suka rarrabe.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Waswasi shi ne abin da ke ɗarsuwa a zuciya ba tare da mutum ya gayyato shi ba. A Sahihu Muslim, wasu sahabbai sun zo wa Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta shi. Ya tambaye su ko da gaske suna jin nauyinsa haka, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun fassara cewa ƙyamar da suke yi wa tunanin ita ce alamar imanin. Wani hadisin na Buhari da Muslim ya ambaci tambayar da ta fi kowace tayar da hankali, wato "wa ya halicci Ubangijinka?", ya ce wanda ta zo masa ya nemi tsari ya dakata. Babu inda aka ce ya fita daga addini.

Tambaya kuwa ita ce waswasi ko ruɗani ya fito baki don neman amsa. A nan nassoshi sun zo ta fuska biyu. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu, da aka ce masa "ba ka yi imani ba ne?" ya ce ya yi, yana dai son zuciyarsa ta natsu. Wannan yana aya ta 260 ta Suratul Baƙara. A ɗaya fuskar, aya ta 101 ta Ma'ida ta hana tambayar abin da in an bayyana shi zai ɓata wa mai tambayar rai, kuma Imamu Malik ya ce wa mutumin da ya tambaye shi yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi cewa tambayar bidi'a ce. Abin da malamai suka fitar daga haɗa waɗannan shi ne bambanci tsakanin tambayar neman sani da tambayar ƙure. Wahalar ita ce bambancin yana cikin niyya, niyya kuwa ba a ganin ta a rubutun Facebook.

Ridda ita ce Musulmi baligi mai hankali ya bar addini da zaɓinsa, ta hanyar furuci ko aiki bayyananne. Wanda aka tilasta ba ya ciki, kamar yadda aya ta 106 ta Nahli ta nuna. Ɓatanci kuma zagi ne ko izgili ga Allah, Annabawa ko Littafi. Mutum na iya barin addini bai zagi kowa ba, kuma ana iya tuhumar mai salla biyar da ɓatanci.

Me ya sa tambayoyin suka yawaita a nan

Wanda ya taɓa zama gidan makoki a Anka, Maru ko Danko-Wasagu a 'yan shekarun nan ya san irin wannan zaman. Tsohuwa ce a kan tabarma, an sayar da gona da shanun huɗa an kai kuɗin fansa, aka ƙara da babur da katin waya, ɗan bai dawo ba, gawar ma ba a samu ba. Ana cikin "Allah ya jiƙan rai" sai ta ce, ba da ƙarfi ba, "Mi munka yi ma Allah?" Ta kusa da ita ta dafa ta: "Kul, Inna, yi istigifari." Ta yi, aka ci gaba da karɓar gaisuwa. Babu mai hankalin da zai kira wannan ridda. Amma jikanta da ke bakin ƙofa da waya a hannu ya ji tambayar, bai kuma ji amsarta ba.

Abubuwan da suka tara irin wannan tambaya sanannu ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Yuni na shekarar aka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Sai Lakurawa, waɗanda ke shiga ƙauye da wa'azi su karɓi shanu da sunan zakka, kuma a Nuwamban 2024 suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Idan mai kisa yana kabbara, wanda ake kashewa ma yana kabbara, yaro mai tunani zai tambaya.

Akwai kuma yadda masu mulki ke amfani da harshen ƙaddara. A 2017, lokacin annobar sanƙarau, gwamnan Zamfara na wancan lokaci Abdul'aziz Yari ya danganta cutar da zunuban jama'a. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya soki maganar, ya ce abin da ake buƙata allurar rigakafi ce. Wannan saɓani tsoho ne a ilmin tauhidi. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazila sun ce shi ke halittar aikinsa. Ash'ariyya, waɗanda littattafansu aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun ce Allah ke halitta, bawa ke aikatawa da zaɓinsa, kuma a kan wannan ake kama shi. Da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba aka ce masa yana gudun ƙaddarar Allah, sai ya ce yana gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wato tambayar "in an riga an rubuta, me ya sa za a kama ɗan bindiga da laifi?" tana da babi a littafi, ba yau aka fara ta ba. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake yin ta. Da a zaure ne, gaban malam a kan buzu, ɗalibi ya ce "Allah gafarta malam" kafin ya buɗe baki, mutum goma ne shaidu kuma duk sun san shi. Yanzu a zauren WhatsApp na 'yan aji ne, inda za a ɗauki hoton maganar a yanke farkonta a tura wa dubban da ba su san mai ita ba.

Abin da ya faru a zamanin Shehu

Ƙasar nan ta taɓa shiga irin wannan rikici ta wata fuskar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yawon wa'azi a Kabi, ya kuma zauna kimanin shekara biyar a Zamfara tare da ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya ya zauna Gwandu. Cikin waɗanda Shehu ya fi yi wa raddi har da wasu ɗaliban ilmin tauhidi da ke titsiye talakawa da tambayoyi a kan siffofin Allah da hujjojinsu, wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne. Matsayin Shehu shi ne wanda ya furta shahada ya bayyana Musulunci ana yi masa hukuncin Musulmi, abin da ke zuciya kuwa na Allah ne. Ya kuma saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya kafirta masu manyan zunubai.

Sai dai a faɗi ɗaya ɓangaren. Shehun nan dai ya kafirta masu haɗa Musulunci da tsafi, kuma wannan hukunci na cikin tushen jihadin 1804. Shehu Al-Kanemi na Barno ya ƙalubalanci hakan a wasiƙun da suka yi musaya da Muhammadu Bello, yana cewa saɓo da jahilci ba kafirci ba ne. Don haka masu tsaurarawa da masu sassautawa a yau kowa na da abin da zai ɗauko daga tarihin. Abin lura kawai shi ne manyan malaman sun yi jayayyar da alƙalami, da hujja da raddi, a kan tambayar da ta fi kowace haɗari: wane ne Musulmi?

Abin da fiƙihu ya ce, da abin da doka ta rubuta

A mazhabar Malikiyya hukuncin a bayyane yake. Risala ta ce mai ridda ana ba shi kwana uku ya tuba, in ya ƙi a kashe shi, wanda ya zagi Manzon Allah kuwa ana kashe shi ba tare da tubarsa ta kare shi daga hukuncin duniya ba. Ashafa ta Alƙali Iyal, wadda ake karantawa a masallatai da yawa, ta yi dogon bayani a ƙarshenta, har da rarrabe wanda ya yi nufin zagi, da wanda lafazinsa ke ɗaukar ma'ana biyu, da wanda ya hakaito maganar wani. Sauran mazhabobi ba su bi Malikiyya a komai ba. Hanafiyya ba sa kashe mace mai ridda, kuma an ruwaito daga Ibrahim An-Nakha'i cewa mai ridda ana ci gaba da neman tubarsa ba iyaka. Inda duk suka haɗu shi ne hukuncin na alƙali ne da shugaba, bayan shaidu da bincike. Wanda ya zartar da hannunsa ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Dokar ƙasa kuma wani gini ne daban. Zamfara ce ta fara: Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya, har da Kebbi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kundayen laifukan da aka rubuta ba su sa ridda cikin jerin laifuka ba. Dalilin yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini har da 'yancin sauya shi, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 36 kuma ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da aka rubuta a doka tare da hukuncinsa.

Ɓatanci ne ya shiga doka, ta ƙofa biyu. Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 jihohi suka gada, ya tanadi ɗauri har shekara biyu ga wanda ya ci mutuncin kowane addini ta yadda zai iya tayar da fitina, kuma yana hawa kan kowa. Dokokin Shari'a na Musulmi ne kaɗai, lafazinsu da tsananinsu kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Masu kare su suna kafa hujja da sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita 'yanci don kiyaye zaman lafiya da tarbiyyar jama'a.

Shari'ar Mubarak Bala ta nuna bambancin a aikace. Tun 2014 ya bayyana cewa ya bar addini, babu kotun da ta tuhume shi da hakan. Sai a 2020 aka kama shi saboda rubuce-rubucensa a Facebook, a 2022 babbar kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a ƙarƙashin Final Kod bayan ya amsa laifi, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ɗaurin shekara biyar.

Kotu da titi

Tun 2000 kotuna sun yanke hukuncin kisa kan ɓatanci fiye da sau ɗaya, kamar na mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu a 2020 da na Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara a 2022, amma ba a taɓa zartar da ko ɗaya ba. Waɗanda suka mutu a hannun taron jama'a suka mutu. A Agustan 2016 an zargi wani ɗalibi da ɓatanci a Talata Mafara aka yi masa duka, sannan aka cinna wa gidan mutumin da ya kai shi asibiti wuta, mutum takwas suka mutu. A Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Sakkwato kan saƙon murya a WhatsApp, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. A Yunin 2023 aka kashe wani mahauci, Usman Buda, shi ma a Sakkwato.

A nan ra'ayoyi suka rabu. Mafi yawan malamai suna cewa hukuncin zagin Annabi tabbatacce ne, ba na tattaunawa ba, amma kotu ce ke da shi. Wasunsu suna ƙarawa da cewa jama'a na fusata ne saboda sun san gwamnati ba za ta zartar ba, da ana zartarwa da titi ya lafa. Lauyoyin kare haƙƙi suna ganin akasin haka: kasancewar dokar ce ke sa matashi ya ji wanda aka zarga jininsa ya riga ya halatta, kuma kalmar "cin mutunci" ba ta da iyaka bayyananniya, wanda shi ne abin da Kotun ECOWAS ta kama a sashe na 210. Kowane ɓangare na da abin da ke ba shi wahala. Masu ra'ayin farko sai sun bayyana dalilin da ya sa a yawancin kashe-kashen ba a ma jira an kai mutum gaban alƙali ba, alhali kotunan Shari'a na nan. Masu ra'ayi na biyu kuma sai sun amsa cewa an yi irin wannan kisa tun kafin 1999, kamar na Gideon Akaluka a Kano, lokacin da babu dokar laifuka ta Shari'a.

Akwai kuma tambayar wa ke da ikon yanke hukuncin. A Nuwamban 2002 mataimakin gwamnan Zamfara, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya ba da sanarwar halatta jinin 'yar jarida Isioma Daniel kan wani rubutu da aka ce ta yi ɓatanci a ciki. Gwamnatin Tarayya ta ce sanarwar ba ta da gurbi a doka, Jama'atu Nasril Islam kuma ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin ba da fatawa.

Ɗabi'a da addini

Tambaya ta biyu da matasa ke yi ba a kan Allah ba ce, a kan mutane ce. A Maris ɗin 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya. Yau garken shanu ake korawa da rana tsaka. Ta yaya jihar da ta fara Shari'a ta zama haka? Amsa ɗaya ita ce ba a taɓa aiwatar da Shari'ar gaba ɗaya ba, an tsaya a kan talaka an bar adalcin shugabanni, ana kuma jawo maganar da ke cikin rubutun Shehu cewa mulki na ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Amsa ta biyu ita ce doka, ko ta addini ce, ba ta ƙera hali. Ta uku ta ce tambayar ma ba a nan take ba, domin musabbabin rikicin na duniya ne: cinye burtali da makiyaya, zinariya, kwararar bindigogi, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, da alƙalai da 'yan sanda da talaka ya daina yarda da su.

Ko mutum na iya zama na kirki ba tare da addini ba? A ƙasar Zuru, inda gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci da mai bin al'adar kakanni, tambayar ba ta littafi ba ce, an san wanda ake ba ajiya. Bahaushe ma da ya ce "mutumin kirki" gaskiya da amana da kunya da haƙuri yake nufi, ya kuma ware wanda yake kira "ga salla ga saɓo". Malaman tauhidi sun yi saɓani a nan: Mu'utazila sun ce hankali na gane kyakkyawa da mummuna da kansa, Ash'ariyya sun ce lada da zunubi sai da wahayi. Hadisin da ke cewa an aiko Annabi don ya cika kyawawan ɗabi'u, kowane ɓangare na karanta shi ta fuskarsa.

Abin da wannan ke nufi ga talaka

Wanda ke fama da waswasi ko ya kai tambaya gaban malami bai aikata laifi ba, a fiƙihu ko a doka. Wanda ya bar Musulunci babu sashen da za a tuhume shi da shi a kotun laifuka, amma abin ba ya ƙarewa a nan. A fiƙihun Malikiyya ridda na raba aure tana hana gado, kuma al'amuran aure da gado na Musulmi suna hannun kotunan Shari'a. Ga kuma abin da ba a rubuta ba: kora daga gida, rasa abokan ciniki, wani lokaci a ce mutum ya taɓu a kai shi ruƙiyya.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na zargi. Waɗanda kotunan Shari'a suka yanke wa hukunci Musulmi ne, Sharif-Aminu ɗan Tijjaniyya, Abduljabbar malami daga gidan Ƙadiriyya. Inda gaba tsakanin ƙungiyoyin addini ta yi tsami, abin da wani ke ɗauka yabo ko bincike wani na iya kiran sa zagi. Ga Kiristan Zuru ko Yawuri da ke karatu a Aliero ko Ƙaura Namoda, gardamar ɗakin kwana na iya zama abin da ba a yi zato ba. Malaman makaranta ma da yawa sun koyi kauce wa duk tambayar da ta taɓo addini, ɗalibin sai ya kai ta intanet, inda mai amsawa ko dai mai kafirtawa ne ko mai izgili.

Hukuncin ECOWAS bai soke kowace doka da kansa ba, sai majalisar jiha ta gyara ko kotun cikin gida ta rushe. Wanda zai iya sauya lissafi shi ne ƙarar Sharif-Aminu. Babbar kotun Kano ta soke hukuncin kisan a 2021 saboda an yi shari'ar ba shi da lauya, ta ce a sake. A 2022 kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Lauyoyinsa sun wuce Kotun Ƙoli suna neman a rushe sashen baki ɗaya, kuma hukuncin Kotun Ƙoli kan hau kan kowace kotu a ƙasar, har da na Gusau da Birnin Kebbi.